PSA da jerin gwanayen masu tara tsofaffin katunan wasanni: abin da makin ke aunawa

A kasuwar tsofaffin katunan besbol ta Amurka, kati ba ya yin kuɗi sosai sai an rufe shi cikin roba da makin kamfanin tantancewa a goshinsa. PSA, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1991, shi ne kan gaba. Yana duba ko katin na gaske ne, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan ta shafinsa na Set Registry ya jera masu tarawa bisa yawan katunan da suka haɗa da matsakaicin makinsu.

Tura kati zuwa PSA ba wuya, amma nan ake yawan yin ɓarna. A sa kati cikin siririyar leda, sannan cikin Card Saver 1, gidan kati na roba mai ɗan lanƙwasa. Ba a son roba mai tauri, don wajen zaro katin kusurwa kan dakushe, kuma kada salatif ya kusance shi. A jera katunan yadda aka rubuta su a takardar oda, a matse su tsakanin kwali biyu. Kuɗin aiki yana bin darajar da ka bayyana. Idan maki ya fito sama har darajar ta haura matakin da ka biya, za su nemi ciko kafin su saki kayanka.

Abu huɗu ake dubawa: kusurwa, gefe, fuska, da zaman hoto a tsakiya. Na ƙarshen shi ke cin tsofaffin katuna, domin injinan yanka na da ba su da saiti. Mai neman 10 sai faɗin gefuna biyu na hoton gaban katin ya zauna kusan kashi 55 da 45, baya kuma kada ya wuce 75 da 25. Katin da ya karkace na iya fitowa da OC a gefen makinsa, mai tabo ST, wanda aka yi wa rubutu MK, kuma farashi ya faɗi nan take. Inda PSA ta gaza Beckett, wani kamfanin tantancewa, shi ne ba ta rarraba makin gida huɗu a jikin robar. Za ka ga 6 kawai, kai za ka nemo dalili da madubin ƙara girma.

Babban tabon kamfanin yana kan katin farko da ya tantance. Katin ɗan wasa Honus Wagner na jerin T206, wanda kamfanin taba ya riƙa sawa cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911, shi ya samu lamba 00000001 da maki 8. Wayne Gretzky da Bruce McNall sun saye shi a gwanjo a 1991 kan dala 451,000, Ken Kendrick mai ƙungiyar Arizona Diamondbacks ya mallake shi a 2007 kan dala miliyan 2.8. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a kotu cewa ya datse gefen katin don ya fito tsaf. A ƙa'idar PSA kanta, datsattsen kati ba ya samun maki. Shi ya sa kafin sayen T206 ake auna shi da ma'auni: inci 1 da 7/16 a faɗi, 2 da 5/8 a tsawo. Gefen da ya yi santsi fiye da kima a katin da ya haura shekara ɗari abin tuhuma ne.

Jerin Set Registry kuwa yana da daɗin kallo, kuma ya tayar da farashin katunan 'yan wasan da ba a ma san su ba, tunda mai son cika katuna 407 da kamfanin Topps ya fitar a 1952 dole ya nemi kowanne. Sai dai ƙarfin aljihu yake aunawa. Jefferson Burdick, wanda ya raɗa wa jerin suna T206 kuma ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York katuna da takardu kusan 300,000, ya rasu a 1963, kuma da gam ya manna da yawansu a kundi. Da yau ne, ko kusa da saman jerin ba zai je ba, alhali kowa da tsarinsa yake magana. Marshall Fogel na Denver, mai ɗaya daga cikin katunan ɗan wasa Mickey Mantle uku na 1952 da suka samu 10, shi ya amince da robar tun ana yi mata dariya, ya biya dala 121,000 a 1996.

Ga mai shirin sayarwa, PSA ta fi saurin samun mai saye, kuma ana iya duba lambar kowace roba a shafinsu kafin a biya. Ga katunan kafin yaƙin duniya na biyu, da yawa sun fi son SGC, wani kamfanin tantancewar, saboda baƙin zagayen da ke fito da katin. Mantle ɗin da ya kai dala miliyan 12.6 a Agustan 2022 ma cikin robar SGC yake, da maki 9.5. Tun 2024 dai PSA da SGC kamfani ɗaya ke riƙe da su.