Garejin da ya tayar mini da babur mai ƙafa huɗu a Sabon Gari

Babur mai ƙafa huɗu ba abin hawa ba ne da ake yawan gani a Zariya, shi ya sa ranar da nawa ya ƙi tashi na gane cewa samun wanda zai gyara shi ya fi sayensa wuya. Honda ne ƙirar Rancher 350, daga cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 2000 da 2006, kafin fitowar Rancher 420 mai injekta a 2007, saboda haka nawa da kafireta yake aiki. Na saye shi kwatano domin kai taki da iri gonata da ke kan hanyar Giwa bayan an wuce Shika, inda damina ke mayar da hanyar shiga gonar taɓo zalla, wanda mota ba ta iya ratsawa, babur mai ƙafa biyu kuma sai da turi.

Bayan girbin masara na ajiye shi a rumfa cikin watan Nuwamba da kusan rabin tanki na fetur, ban rufe makunnin mai ba, ban kuma zubar da wanda ya rage a kafireta ba. Ban sake bi ta kansa ba sai a watan Mayu, da ruwan farko ya sauka. Na yi wa batir caji, sitata tana juyawa da ƙarfinta, kuma idan na ja cok injin yakan tashi ya yi ruri na ɗan lokaci, amma da zarar na mayar da cok ko na taɓa totur sai ya mutu. Bakaniken farko da na kira, wanda ya saba da baburan haya, ya canza fulogi har sau biyu, daga nan ya yanke hukuncin cewa kafiretar ta gama aiki, sai dai in sayi sabuwa. Wani maƙwabcina mai noman rani ne ya hana ni, ya kwatanta mini wani gareji a Sabon Gari, ta ɓangaren Kwangila, inda yake kai injin ban-ruwansa. A bayan a-kori-kura muka ɗauki babur ɗin zuwa can.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai garejin, dattijo ne da shekarunsa suka haura hamsin, bai ɗauki sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya tambayi yaushe rabon babur ɗin da aiki, a ina na sayi man da ke cikinsa, a gidan mai ko wurin 'yan bumburutu, da kuma ko yana kwana a waje. Sannan ya buɗe murfin tanki ya shinshina, ya ce, “Alhaji, wannan ai ba fetur ba ne yanzu, ya riga ya kwana ya tsufa.” Ya cire fulogi ya jingina shi da jikin injin, ya sa yaronsa ya danna sitata, muka ga wuta shuɗiya tana tartsatsi, ya ce to ba matsalar wuta ba ce. Daga nan ya bi hanyar mai daki-daki, tun daga tanki har zuwa bakin injin, bai tsallake ko ɗaya ba.

Ya kawo kwalbar gilashi mai haske, ya zare tiyon mai daga jikin kafireta, ya murɗa makunnin zuwa rizab, wanda ke jan mai daga can ƙasan tanki. Abin da ya zubo ya yi launin shayi, kuma bayan minti biyu sai ga ruwa ya kwanta a gindin kwalbar kamar kaurin ɗan yatsa, da ƙananan baƙaƙen gurɓatattun abubuwa suna yawo a samansa. Ya bayyana mini cewa ruwa ya fi fetur nauyi, don haka duk wanda ya shiga tanki, ko daga jarkar da aka auno man ko daga raɓar da ke taruwa a tankin da ba a cika ba, ƙasa yake sauka, kuma daga ƙasan ne yake gangarawa kafireta. Shi kuwa fetur idan ya yi watanni a ajiye, musamman cikin zafin Maris da Afrilu irin namu, sassansa masu saurin kama wuta sukan tsere su bar wani danƙo mai kama da ƙaro.

A kan kafiretar ya fi daɗewa, kuma nan ne na tabbatar da cewa mutumin ya san aikinsa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, ya jera kowane ƙarfe da ya kwance bisa tsarin da ya fito da shi. Kafin ya cire sukurun da ke daidaita mai a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a taɓa totur ba, sai da ya murɗa shi ciki a hankali yana ƙirga zagayen, ya rubuta adadin da alli a jikin benci domin ya mayar da shi yadda ya same shi. Kwanon da ke ƙasan kafireta ya yi kore-kore da danƙo. Ya ɗaga babban jet, ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi ta cikinsa, ya duba shi a hasken rana, haske na ratsawa. Ya ɗaga ƙaramin, wato na silo, ya miƙo mini in duba da kaina, ban ga ko ɗigon haske ba. Ramin ƙaramin jet ɗin bai kai kaurin allurar ɗinki ba, kuma ta cikinsa injin ke shan mai lokacin da ba a ba shi wuta ba. Cok yana da tasa hanyar ta daban da yake ƙara wa injin mai, shi ya sa babur ɗin ke tashi da cok ya mutu idan an mayar da shi. Wannan bayani ya warware mini abin da ya dame ni mako guda.

Da yaron ya miƙo masa silin wayar birki domin a zura a ramin, sai ya tsawata masa, ya ce jet tagulla ce, ƙarfe yana faɗaɗa raminta, kuma jet ɗin da ya faɗaɗa zai riƙa zuba mai fiye da kima har fulogi ya yi baƙi. Ya jiƙa shi cikin ruwan wankin kafireta na gwangwani, ya bi shi da silin burushi mai laushi, sannan ya hure shi da iskar kwamfuresa. Allurar da fulot, wato abin da ke yawo a saman man cikin kwanon, ke turawa ta rufe mai idan kwanon ya cika ta cinye har ta yi zobe a bakinta, ya ce idan aka mayar da ita haka kafiretar za ta riƙa obafulo, wato mai ya cika ya tumbatsa, har fetur ya iya sauka ya gauraya da baƙin mai. Ya zaro sandar awon baƙin man ya shinshina, ya ce ya riga ya soma, dole a juye shi. Ya kuma lanƙwasa robar da ta haɗa kafireta da injin yana neman tsaga, domin iskar da ke shiga ta tsaga takan hana silo zama, amma bai samu ba. Soson iyakilina dai ƙurar hunturu ta cika shi, aka wanke shi aka shafa masa mai.

Bayan an haɗa, babur ɗin ya tashi da dannawa ɗaya ya zauna a silo lafiya lau. Na yi niyyar biya in tafi, amma ya ce sai yaron ya zagaya da shi tukuna. Bai yi minti goma ba sai ga shi yana turo shi, ya mutu a hanya kamar wanda mai ya ƙare masa. Dattijon bai sake taɓa kafireta ba. Murfin tanki ya buɗe, muka ji iska ta ja ciki da ƙara, kuma nan take injin ya sake tashi. Ya zare siririn tiyon da ke kan murfin, wanda tanki ke shaƙar iska ta cikinsa, ya hura ya ji a toshe, ya zura tsinke sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da babur ɗin ke ajiye. Tankin wannan babur a saman kafireta yake, nauyin man ne ke gangaro da shi, to idan iska ba ta shiga ta maye gurbin wanda ya fita, man sai ya tsaya. Da na tafi da shi a lokacin da na so, da a tsakiyar hanyar gona zai tsaya mini.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya san su. Kayan gyaran irin wannan babur babu su a wurinsa, allurar fulot da gaskit ɗin kwano sai da aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, aikin da zai ƙare a yini ɗaya ya ɗauki kwana huɗu, kuma ba a kira ni an sanar da ni jinkirin ba sai da na zo da ƙafata. Ba ya ba da rasit. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda yaran ke zuƙo fetur da baki ta tiyo, suna kuma wanke ƙarafa da shi a buɗaɗɗen kwano kusa da mai walda. Na yi masa magana a kan wannan, ya karɓa da mutunci, amma da na koma ban ga an canza ba.

Kuɗin aikin, har da kayan da aka sayo da baƙin mai, bai kai abin da aka ce in tanada domin sabuwar kafireta ba, kuma ya mayar mini da tsofaffin kayan da ya cire a leda. Ya sa mini ƙaramar filta mai haske a tiyon mai domin in riƙa ganin datti da idona. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutum ba ya son zubar da ko lita ɗaya, shi ya sa ya ba ni shawarar da ba ta da asara: idan zan ajiye babur ɗin, in juye man tankin in zuba a janareta, in rufe makunni, in bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, sannan in kwance sukurun ƙasan kwano sauran ya tsiyaye.

Wanda zai kai masa irin wannan aiki ya je da safe, kafin masu injinan ban-ruwa su cika wurin, kuma kada ya zubar da man da ke cikin tankin kafin ya je, domin shi dattijon ke fara dubawa. Nawa babur ɗin ya yi jigilar takin bana gaba ɗaya, har zuwa ƙarshen Agusta, bai sake tsayawa ba.