MPC One ko Maschine MK3: wanne zai zauna lafiya da fiyanonka?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya wanne za ka saya tsakanin MPC One da Maschine MK3, na'urorin haɗa kiɗa guda biyu; ga kuma fiyano Yamaha PSR-S910 da miksa da ka ce kana da su, MPC One za ka saya. Shi nake amfani da shi a nan Jekadafari, kuma da yau zan sake saye shi ɗin zan ɗauka.

Idan ka juya bayansu za ka ga kamar babu bambanci. Kowanne yana da ramukan MIDI, wato hanyar da kayan kiɗa ke aika wa juna umarni, guda biyu masu tsinke biyar, IN da OUT, irin waɗanda ke bayan fiyanonka, kowanne kuma yana da wajen shigar sauti da wajen fitarsa. Bambancin yana cikin cikinsu. MPC One, wanda Akai suka fitar a 2020, kwamfutarsa tana jikinsa: ka kunna shi, ka jona fiyano, ka fara aiki. Maschine MK3 na kamfanin Native Instruments na Jamus ya fito a 2017, shi kuma sautukansa da jerin kiɗansa duk suna cikin manhajar da ke laftof. Ka danna fiyano, saƙon ya shiga Maschine, ya bi wayar USB zuwa laftof, sannan ya dawo. Ranar da laftof ya yi gardama, aiki ya tsaya. Suna da wani mai suna Maschine+ da ke aiki shi kaɗai, amma ba shi ka tambaya ba, kuɗinsa ma ba ɗaya ba ne.

Bayan ƙaramar Sallah, lokacin da waƙoƙin biki ke yi mana yawa, wani mawaƙi ya taso daga Kumo da makaɗin kalangunsa, biki saura kwana kaɗan, laftof ɗina kuma yana wurin mai gyara. Da a ce kayana sai da kwamfuta suke motsi, da haƙuri kawai zan ba shi ya koma. Sai na sa wa kalangun makirfo ta miksa, na tura sautin cikin MPC, muka ɗauki bugun a sake, da a matse, da wanda makaɗin ke matsawa yana saki a tsakiyar bugu. Kada ka ɗauki bugu ɗaya ka ce za ka riƙa ɗaga muryarsa da na'ura, kalangu ba ya yarda da wannan, kunnen Bahaushe zai gane nan take. Muka yanyanka, muka baza a kan maɓallan roba 16 da ke fuskar MPC. Goge da sarewa da bes kuwa daga fiyano suke fitowa, MPC ne ke danna su ta wayar MIDI. Makaɗin, dattijo ne, ya matso ya sa yatsa ya buga kalangunsa a kan roba, ya yi dariya har da tafa hannu. Kafin magariba kiɗa ya haɗu.

Ga yadda za ka jona, don a nan ne mutane ke ɓata rana guda.

Wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Umarni take kaiwa: an danna wannan maɓalli, da wannan ƙarfi, an saki. Saboda haka wayoyi kala biyu kake buƙata. Na MIDI guda biyu: ɗaya daga OUT na fiyano zuwa IN na MPC, ɗaya daga OUT na MPC zuwa IN na fiyano. Kullum OUT cikin IN yake shiga. Sai na sauti: manyan jak biyu daga fiyano zuwa miksa, wasu biyu daga MPC zuwa miksa, kowanne a layinsa, kuma a ramin LINE, ba na makirfo ba. Idan kana so ka riƙa ɗaukar sauti cikin MPC, ciro waya daga AUX na miksa, wato ƙarin ramin fitar sauti, zuwa ramukan shigarsa, amma ka tabbata ka rufe AUX ɗin layin da MPC kansa yake kai. In ba haka ba sautinsa zai zagayo ya sake shiga cikinsa, kuma ƙarar da za ta biyo baya tana iya tafiya da sifika.

Daga nan ka shiga FUNCTION a fiyanon, ka nemi MIDI. Abu biyu za ka taɓa. Na farko Local Control, ka kashe shi. Dalili shi ne idan ka danna maɓalli fiyano zai yi ƙara da kansa, MPC kuma ya dawo masa da wannan umarnin ya sake yi, sai kowane sauti ya fito sau biyu a manne, ya yi wani iri kamar daga cikin bututu, kuma muryoyi 128 da S910 ke iya fitarwa a lokaci guda su ƙare da wuri. Sai dai ka tuna: ranar da ka ɗauki fiyanon shi kaɗai zuwa wurin biki, ka duba ka mayar da shi ON. Na ga wanda ya kai lafiyayyen fiyano wurin mai gyara wai ya daina magana, alhali wannan ne kawai.

Na biyu agogo. Idan kana son salon kiɗan da ke cikin fiyano ya tafi daidai da bugun MPC, dole ɗaya ya ja ɗaya ya bi. Ka sa MPC ya riƙa aika MIDI Clock, fiyano kuma ka mayar da agogonsa na waje. Saƙon agogon nan sau 24 yake zuwa a kowane bugu ɗaya, shi ya sa ko ka rage gudun kiɗa ana tsakiyar waƙa fiyano zai bi. Shi ma yana da tarko: muddin agogon na waje ne, ko ka danna START a fiyano ba zai tashi ba sai MPC na tafiya.

Waya ɗaya tashoshi 16 take ɗauka, kowane kayan kiɗa da tasharsa. Yamaha sun ware 9 zuwa 16 wa rakiyar salon kiɗa, ganguna a 9 da 10, bes a 11, sauran su biyo baya. To kai ka zuba naka daga 1 zuwa 8, kada ku yi karo. Wajen zaɓen murya kuma, kowace muryar fiyano tana da lambobi uku, MSB da LSB da lambar shiri, suna cikin littafin Data List na fiyanon. Ka rubuta su a layin MPC, duk ranar da ka buɗe waƙar zai kira muryoyin da kansa, ba sai ka zauna kana tuna wane goge ka sa wa amarya wata uku da suka wuce ba. Idan ka nemi sarewa ka ji wata murya ta kusa da ita ta fito, ka rage ɗaya ko ka ƙara ɗaya a lambar shirin: wasu na'urori daga 0 suke ƙirge zuwa 127, wasu daga 1 zuwa 128.

Za ka ji yara suna cewa wayar tsinke biyar ta tsufa, USB ake yayi. Ta tsufa kam. Tun Janairun 1983 aka nuna ta a bainar jama'a a Amurka, lokacin da aka haɗa fiyano biyu, Prophet-600 na Dave Smith da Jupiter-6 na kamfanin Roland, kuma har yau gudunta bai canja ba, bit 31,250 a daƙiƙa. Saƙon danna maɓalli ɗaya kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake ɗauka, kunnenka ba zai kama ba. Amma tana da abin da USB ba shi da shi, kuma mu nan ya fi shafa. A cikin kowane ramin IN akwai ɗan ƙaramin abu da ke karɓar saƙo ta hanyar haske, don haka wutar wannan na'ura ba ta haɗuwa da ta waccan. Tsuwwar nan da kake ji a sifika idan ka jona cajar laftof, ko gurnanin da ke tasowa in an koma janareta, sau da yawa ta USB suke bi su shigo. Wayar MIDI ba ta ba su hanya. Tana kuma kai mita 15 lafiya, USB kuwa daga mita 5 sai addu'a. Ba ta neman a sa mata manhajar direba, ba ruwanta da wace Windows ka sa.

Ga 'yan'uwa masu karantawa da ke da fiyanon da ba shi da waɗannan ramuka, irin PSR-E473 da PSR-SX600, waɗanda USB TO HOST kawai gare su: a harkar USB dole ɗaya ya zama mai gida ɗaya baƙo, baƙi biyu ba sa sauke juna. Fiyanonka baƙo ne, Maschine MK3 ma baƙo ne, sai laftof ya tsaya a tsakaninsu. MPC One yana da faffaɗan ramin USB irin na kwamfuta, shi mai gida ne, kana iya jona fiyano kai tsaye. Duk da haka ka gwada naka kafin ka biya kuɗi. Wannan ramin ne kuma zai cece ka ranar da ka ƙaro wani kayan, domin OUT ɗaya MPC One ke da shi, S910 kuma ba shi da THRU da zai miƙa saƙo gaba.

Maschine dai, gaskiya allunansa biyu suna da kyau, sautukan da yake zuwa da su suna da yawa, kuma da yake daga laftof yake shan wuta, in an ɗauke wuta bai san an yi ba. Nan kam ya fi. MPC One ba shi da batir, wuta na tafiya yake mutuwa da duk abin da ba ka adana ba. Maganinsa ƙaramin UPS ko inbata, da sabawa da danna SAVE. Cikin masu batir a gidan Akai akwai MPC Live II, in aljihunka zai kai.

Kada kuma wani ya ce maka ɗayansu zai raba ka da sawun kad, na'urar da ke shigar da murya cikin kwamfuta. Babu mai ba da wutar 48V da makirfon kondensa ke buƙata a cikinsu. MPC One ramukan LINE kawai gare shi, Maschine MK3 yana da ramin makirfo amma na irin wanda ake riƙewa a hannu. Murya a manhajar Cubase ko FL Studio za ka ɗauke ta kamar yadda ka saba. Ni idan kiɗa ya kammala sai in fitar da kowane layi daban a katin SD in kai kwamfuta. Sautin fiyano ne kawai sai ka fara naɗe shi, tunda umarni MPC ya riƙe, ba muryar ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don kuɗin nan da dala ake auna su. Akwai wani mai suna MPC Studio, siriri, ba shi da babban allon taɓawa. Shi ma sai da kwamfuta yake aiki. Wasu 'yan kasuwa za su ce maka "ai MPC ne, duk ɗaya ne, wannan ya fi sauƙi". Ba ɗaya ba ne. MPC One allonsa inci 7 ne, kuma yana tashi ba tare da an jona shi da komai ba sai wuta. In kuma ka ƙi shawarata ka tafi ga Maschine na hannu, ka sani manhajar a kan asusun mai shi na farko take rajista. Sai ya cire ta daga asusunsa ya ba ka lambar miƙa lasisi. Wanda ya ce "zan sa maka manhajar a filashi" satacciya zai ba ka, ranar da ta tsaya ba ka da wurin kai ƙara.

Sai adafta. Kayan Beljiyam da yawa ba sa zuwa da tasu ta asali, mai shago ya laluba kwali ya haɗa ka da wadda bakinta ya shiga. Shigar baki ba ita ce dacewa ba. Karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wutar na'urar, ka karanta na jikin adaftar, lambobin su zo ɗaya. Haka ƙananan wayoyin nan marasa suna masu USB a kai ɗaya da MIDI biyu a ɗaya kan, masu araha kamar kyauta: na taɓa karɓar ɗaya a hannun wani mai shago, kana sakin maɓalli sauti na ci gaba da kuka. Da MPC One ba ka ma buƙatarsu.

Masu turo hoto daga Legas ko Kano su ce tura kuɗi a sa maka a mota, ka ce su yi kiran bidiyo, su kunna na'urar kana gani, su nuna lambar da ke ƙasanta. Wanda ya fara kawo uzurin netwok, ka bar shi. Mafi kyau ka sa wani naka da ke can ya je da ƙafarsa, ko kai ka shiga mota da wayar MIDI ɗinka a jaka. A shagon ka buga maɓallan 16 ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, don wanda ya gaji sai an dake shi yake amsawa. Ka murza kowane maƙunni, ka ja yatsa a kusurwoyin allo huɗu, ka sa hedifon ka ji ɓangaren hagu da dama. Ka roƙi aron kowane fiyano a shagon ka gwada IN, ka gwada OUT. Abin da ya rage a kuɗin ka sayi UPS da wayoyin jak masu kyau guda huɗu, ka kuma ba tela ya ɗinka maka murfi kafin hunturu, don ƙurar Gombe ta ƙarƙashin maɓallan robar nan take fara shiga.