Bitar Aikin Wani Mai Daidaita Launin Allon Kwamfuta a Gombe

Mai situdiyon hoto yakan zuba kuɗi a kan kyamara da fitilu da babbar kwamfuta, amma da wuya ka ji ya ware ko sisin kwabo domin ya tabbatar cewa launin da allonsa yake nuna masa shi ne ainihin launin da ke cikin hoton. Wannan giɓin ne wani matashin injiniya a nan Gombe ya gano, ya mayar da shi sana'a: yana zagayawa situdiyo situdiyo da na'urar auna launi a jaka, ana biyansa a kan kowane allo da ya daidaita. Na kira shi ne saboda allona mai inci 27, irin mai faɗin launi, wanda manhajar da kamfaninsa ya tanadar ta ƙi kammala aikinta tun daga ranar da aka kafa shi. Hukuncina a taƙaice shi ne aikin ya cancanci kuɗinsa, sai dai akwai inda ya tsaya, kuma ya kamata mai niyyar kiransa ya san wannan iyakar tun kafin ya biya.

Sai an fahimci matsalar kafin a iya auna gyaranta. Mafi yawan hotunan da ke yawo a intanet da wayoyi an tsara su ne a kan ma'aunin sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. Allo mai faɗin launi yana iya nuna abin da ya zarce wannan ma'auni, ko dai Adobe RGB na 1998, wanda ya fi faɗi ta ɓangaren kore da shuɗi mai ratsin kore, ko kuma P3 da masana'antar fina-finai ta samar, wanda jansa ya fi ƙarfi. Alherin da ke cikin haka a bayyane yake ga mai buga hoto a takarda. Illarsa kuwa ita ce, idan manhaja ba ta san irin allon da take magana da shi ba, sai ta miƙa masa lambobin sRGB kai tsaye, shi kuma ya baje su a kan faffadan launinsa, komai ya yi rau fiye da kima. Fatar amarya sai ta yi ja, mai gyara ya rage jan da idonsa, a kai wajen bugawa hoton ya fito a koɗe, dangi su ce an mayar musu da 'ya mara lafiya. Saboda haka allo mai tsada da ba a daidaita ba ya fi allo mai araha ɓatar da mai aiki.

Daidaitawar iri biyu ce, kuma injiniyan ya bayyana bambancinsu kafin ya taɓa komai, abin da na yaba masa. A iri na farko ana auna allon, sannan a rubuta gyaran a cikin katin hoto na kwamfuta, wanda sau da yawa matakai 256 kawai yake da su ga kowane launi, don haka duk gyaran da aka yi yana cinye wasu matakan, har a ga layi layi a inda sararin sama ya kamata ya sauka sumul. A iri na biyu manhajar kamfanin tana rubuta gyaran a cikin teburin launi da ke jikin allon kansa, wanda yake lissafi da bit 14 ko 16, wato dubban matakai maimakon 256, a bar katin hoto yadda yake. Wannan na biyun shi ne dalilin tsadar irin waɗannan alluna. EIZO yana da ColorNavigator, BenQ yana da Palette Master, ASUS da Dell da LG ma kowa da tasa manhajar, kuma kowace ba ta aiki sai da allunan gidansu da jerin na'urorin awo da ta amince da su.

Tawa manhajar takan buɗe, ta ga na'urar awo, ta fara watsa launuka, sai ta tsaya da saƙon cewa ba ta iya magana da allo ba. Injiniyan bai ko zauna ba, bayan allon ya fara leƙawa.

"Alhaji, ina wayar nan da ta zo a cikin kwali, mai kai kamar ta firinta?"

"Injiniya, ai wanda ya haɗa mini ya ce ba ta da amfani sai in ina son soka filash a jikin allon."

"Ranka ya daɗe, ita ce hanyar da manhajar take bi ta shiga allon. In babu ita, har gobe ba za ta gama ba."

Gaskiya ne a alluna da dama na wannan ajin: wayar hoto tana kai hoto ne, amma umarnin gyara yana bi ta wayar USB da ke tashi daga kwamfuta zuwa allo. Da aka lalubo ta a cikin kwali, bai yarda a soka ta a ƙaramin akwatin nan mai raba ramuka da nake amfani da shi ba, ya ce sai a bayan kwamfutar kai tsaye, ita ma na'urar awon haka. Ya kuma cire allo na biyu na ɗan lokaci, domin wasu daga cikin waɗannan manhajoji sukan rikice su auna wannan allo su rubuta wa wancan. Abin takaici a nan na manhajar ne, ba nasa ba: saƙon kuskuren da take bayarwa bai ambaci waya ko sau ɗaya ba.

Da wannan matsalar ta kau sai ta biyu ta fito, kuma a nan ne na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda ya haddace matakai. Manhajar ta kammala, ta ce komai ya yi, amma da ya buɗe hoton gwaji mai gangarowa daga baƙi zuwa fari, tokar da ke tsakiya tana da ɗan kore, kuma akwai layuka a cikinta. Ya ce wannan alama ce ta gyara biyu a kan allo ɗaya. Ya bincika, ya tarar da wata tsohuwar manhajar awo da ta zo tare da kwamfutar daga hannun mai ita na farko, tana tashi a ɓoye duk lokacin da aka kunna Windows, tana ɗora tsohon gyaran wani allo dabam a kan katin hoto. Lamarin ya zama kamar tela biyu a kan riga ɗaya, wannan ya rage wuya, wancan ma ya zo ya rage. Ya cire ta gaba ɗaya, ya shiga wurin sarrafa launi na Windows ya share tsofaffin furofayil, wato fayilolin da ke bayyana wa kwamfuta yadda na'ura take fitar da launi, ya mayar da katin hoto fayau, sannan ya sake awon daga farko. A cikin wannan sharar ya kashe hasken dare na Windows, mai mayar da allo ruwan ɗorawa bayan magariba, ya kashe HDR, saitin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu, ya kuma duba saitin katin hoto, inda ya tarar wayar HDMI tana aika haske a taƙaitaccen zango na 16 zuwa 235 irin na talabijin maimakon cikakken 0 zuwa 255. Shi ya sa baƙin allon yake fitowa kamar toka. Ya sauya zuwa wayar hoto ta DisplayPort, ya ce da ita ba a cika samun wannan ruɗanin ba.

Batun wutar lantarki bai ɗauki lokaci ba, amma ya tsaya a kansa: ba zai fara ba sai allon da kwamfutar suna kan inbata, domin ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake rubutu a cikin allo ba abin wasa ba ne, kuma sai allon ya yi aƙalla minti 30 a kunne haskensa ya zauna.

Na'urarsa i1Display Pro ce, wadda X-Rite ya fitar a 2011, wadda kuma tun 2021 ake sayar da irinta da sunan Calibrite. Na fito masa da wata tsohuwar na'ura da wani abokin sana'a ya bar mini, na tambaye shi ko za ta yi. Ya gwada ta a gabana, awonta ya sha bamban da na tasa nesa ba kusa ba. Bayaninsa shi ne tsofaffin na'urori da yawa suna da matatun launi da zafi da laima suke lalatawa a hankali, kuma wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Gombe, sannan damina ta biyo baya, ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi. Bayan haka an ƙera su ne tun kafin fitilun da ke bayan allunan yanzu su fito. Ko sabuwar na'ura sai an gaya mata irin fitilar da ke bayan allon, domin hasken farar LED ta gama-gari dabam yake da na wadda aka yi wa sinadarin PFS mai fitar da ja mai tsini, kuma idan aka zaɓi gyaran da bai dace ba, na'urar za ta rantse farin ya yi daidai alhali ido yana ganin ya karkata.

Domin kada manhajar kamfani ta zama ita ce mai aiki kuma ita ce alƙali, ya sake auna sakamakon da DisplayCAL, manhajar kyauta da Florian Höch ya rubuta a kan ArgyllCMS na Graeme Gill. DisplayCAL ba ta iya rubutu a cikin allo, kuma fitowarta ta ƙarshe daga hannun mai ita ta tsaya a 2019, amma wajen tantancewa tana ba da rahoto dalla-dalla. Ma'aunin da ake dubawa shi ne Delta E, wato tazarar da ke tsakanin launin da aka nema da wanda allon ya nuna, kuma abin da ya gaza 2 da wuya ido ya kama shi a aikin yau da kullum. Allona ya faɗo ƙasa da haka bayan gyaran.

Ya ajiye mini saiti biyu a cikin allon, ana sauya su da maɓalli ɗaya. Na farko Adobe RGB ne domin albam da manyan hotunan bango, na biyu sRGB domin abin da za a tura ta WhatsApp ko a ɗora a Facebook da Instagram, wanda a gaskiya shi ne kaso mafi yawa na aikinmu. Duka biyun ya sa farinsu a kan Kelvin 6500, wato irin farin hasken rana, gamma 2.2, wato yadda haske yake hawa daga baƙi zuwa fari, ƙarfin haske kuma kandela 120 a kowane murabba'in mita. Da farko allon ya yi mini duhu ƙwarai, domin daga kamfani ana sakin su da haske mai kashe ido, kuma wannan hasken shi ne yake sa mai gyara ya ga hoto ya yi fes a allo, a takarda kuma ya fito a dushe. Da na buɗe hotunan wani kamu da na riga na gyara, abin da na gani ya isa shaida. Jan lallen da ke yatsun amarya, wanda a da yake ƙyalli kamar fenti, ya koma jan lalle mai ɗan duhu a gefen farce. Farar shaddar ango ta fito da zanen saƙarta, wanda a da haske ya shafe shi. Leshin ƙawaye da na ɗauka ja ne zur, ashe yana da ratsin ruwan goro, kamar yadda uwar amarya ta yi ta faɗa mini a lokacin.

Yanzu ga inda aikin ya gaza. Babba daga ciki shi ne ba ya taɓa firinta. Na'urarsa hasken allo kawai take aunawa, auna tawada a kan takarda kuwa yana buƙatar wata na'urar dabam mai tsada, wadda ba shi da ita. Allo na iya zama daidai ƙwarai, amma idan wurin da kake kai bugu ba su da furofayil na injinsu da takardarsu, ko suna sauya tawada yadda kasuwa ta kama, to rabin tafiyar kawai aka yi. Ni wurin da nake kaiwa da na tambaye su furofayil ba su ma gane abin da nake nufi ba. Ya kamata injiniyan ya faɗi wannan a waya tun kafin ya zo, ba sai ya gama yana naɗe wayoyinsa ba, domin da yawa za su kira shi ne da zaton daga ranar albam zai riƙa fitowa tamkar allo. Na biyu, bai bar mini komai a rubuce ba sai da na nema, alhali wanda aka sauya wa saituna har wajen shida a kwamfuta yana buƙatar takarda ɗaya da zai duba ranar da Windows ta sabunta kanta ta mayar da wani abu baya. Na uku, yana da saurin magana, kuma yakan cika ta da Turancin sana'a har sai an tsayar da shi.

Shawararsa a kan ɗakin aiki kyauta ya bayar, kuma tana da amfani: a sa labule mai kauri a tagar da ke fuskantar allo, a rabu da kwan fitila mai ruwan ɗorawa, a nemi fitila mai Kelvin 5000 domin duba hoton da aka buga, tunda shi ne ma'aunin hasken da masu ɗab'i suke aiki da shi. A lokacin hunturu kuma a goge ƙurar allo da ƙyalle mai laushi kafin a ɗora na'ura, a kuma riƙa rufe idonta.

Wanda aikinsa bai wuce hoton fasfo da abin da za a tura a waya ba, bai buƙatar allo mai faɗin launi balle wannan hidima, kuma in ya riga ya saya, ya sa shi a saitin sRGB na kamfani ya ci gaba da harkarsa. Masu albam na biki, da masu zanen kalanda da fosta, da masu ɗaukar hawan sallah inda launin kayan doki da rawuna yake da muhimmanci, su ne za su ga amfanin kuɗinsu, wanda a wurina bai kai na buga albam ɗaya ba. Sai dai allo yana sauyawa yayin da fitilarsa take tsufa, don haka awon ba na sau ɗaya ba ne, ana so a maimaita shi duk bayan wata ɗaya ko biyu. Ziyara ta biyu ba za ta kai ta farko wahala ba tunda an riga an share hanya, kuma ya ce yana rage kuɗi idan situdiyo biyu ko uku na unguwa ɗaya, kamar Jekadafari ko Tudun Wada, suka haɗa rana ɗaya. Kafin ya iso a tanadi wayar USB ta allon, da kalmar sirrin shiga kwamfutar, da inbata mai cikakken caji.