Faifan Heptones: hoto na asali, kiɗa na jabu

Tauraro biyu zan ba shi, su ma albarkacin mawaƙan ne, ba don mai sayarwa ba.

A tallar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa waƙoƙin Heptones ne, ƙungiyar mawaƙa uku ta Jamaika, na asali, na zamanin Studio One, wato kamfanin ɗaukar waƙa na Coxsone Dodd. Kun dai san abin da mutum ke kashewa yanzu kafin faifai ya iso daga waje. Ina sa shi, waƙar farko ta tashi, sai na ji gangar kwamfuta tana ƙwas-ƙwas. Haba jama'a! A 1966, lokacin da Leroy Sibbles da Earl Morgan da Barry Llewellyn suka fara rera waƙa a sitidiyon Coxsone Dodd da ke Brentford Road a Kingston, ina aka ga gangar kwamfuta? Sake ɗaukar waƙoƙin aka yi daga baya, aka manna hoton samartakarsu a bango.

Jitar bes ce ta fi ƙona min rai. Rokistedi, salon da Heptones suka fara da shi, kiɗa ne da ya rage gudun ska, wato kiɗan Jamaika mai sauri da ya gabace shi, ya bar wa bes ragamar waƙa. Shi kuwa Sibbles ba jagoran waƙa kaɗai ba ne, shi ke kaɗa bes ɗin waƙoƙi da dama na Studio One, har na wasu mawaƙan. Kiɗan "Full Up" nasa ne, wanda yaran Musical Youth na Ingila suka hau a 1982 duniya ta ɗauka. A wannan faifan kuwa bes ɗin ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Na ƙure murya, na matsa kusa da lasifika, shiru.

Amma a faɗi gaskiya, daga tsakiya abin ya canza. "Book of Rules" ta 1973 ta asali ce, Barry a gaba, sauran biyun na bin sa da amshi a hankali, babu mai danne wani. Sai kuma waɗanda mai haɗa kiɗa Lee Perry ya haɗa musu a sitidiyonsa na Black Ark a 1977, masu amsa-kuwwar nan tasa. A nan ne za ka gane dalilin da ya sa salon murya uku ya cika rege na shekarun 1970. Har na huce, na ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Buɗe 'yar takardar ciki ce ta dawo min da ɓacin ran. Babu shekara ko ɗaya, babu sunan wanda ya rera. Ƙungiyar da jagoranta Sibbles ya bar ta a ƙarshen shekarun 1970 ya ci gaba shi kaɗai daga Kanada, Naggo Morris ya maye gurbinsa, ai ya kamata a faɗa wa mai saye muryar wa yake ji.

Na yi wa mai sayarwar magana. Amsar da ya ba ni wai ai sunayen waƙoƙin ɗaya ne, kuma tunda na yage leda ba a mayarwa. Na ma fasa, tauraro ɗaya ya ishe shi.