Amfoterisin B mai lulluɓin kitse: yana tausaya wa ƙoda, amma haɗa shi aiki ne

Duk wanda ya taɓa ɗaura wa mara lafiya tsohon amfoterisin B, maganin fungas da ake ƙarawa ta jijiya, ya san halinsa: ba a jima da fara ƙarin ba jiki ya ɗauki rawar ɗari, zazzaɓi ya taso, bayan 'yan kwanaki kuma gwajin ƙoda ya fara lalacewa. Shi ya sa wannan sabon nau'in nasa mai lulluɓin kitse ya burge ni ƙwarai. A cutar mukomaikosis, fungas ɗin da ke cin hanci da kogunan ƙashin fuska har ya haura ido da ƙwaƙwalwa, musamman ga mai ciwon sukari da sukarinsa ya ƙi sauka, ana ba da miligiram 5 ga kowane kilo kullum, har 10 in ƙwaƙwalwa ta taɓu, kuma galibi ƙoda ta jure. Tsohon kuwa ba a wuce 1.5 da shi. Rikita ma'aunin biyun kisa ne.

Inda raina ke ɓaci shi ne wurin haɗi. Kowace kwalba miligiram 50 ce, mai kilo 70 kenan kwalba 7 zai ci a rana. Kowacce sai an zuba mata mililita 12 na ruwan allura, a girgiza da ƙarfi daƙiƙa 30 har gari ya narke sarai, a zuƙo, a tace ta matatar maikuron 5, sabuwa ga kowace kwalba, sannan a juye cikin ruwan gulukos mai kashi 5 cikin ɗari. Ruwan gishiri ko ɗigo bai halatta ya taɓa shi ba, dunƙulewa yake yi, maganin ya tashi a banza. To ga shi kuma wannan mara lafiyar ne ake yi wa ƙarin ruwan gishiri kafin a fara don a kare ƙoda, sau da yawa ta jijiya ɗaya. In ba a wanke bututun ƙarin ruwan da gulukos a tsakani ba, an yi asara. Sau da yawa mai ciwon sukari ne fa, kuma gulukos ake ɗura masa, don haka insulin ma sai an sake lissafi.

Tausayin ƙodar ma ba cikakke ba ne. Sinadaran jini fotasiyam da maganiziyam suna zubewa ta fitsari, dole a riƙa aunawa ana mayarwa, in ba haka ba bugun zuciya ya rikice. Wasu kuma minti kaɗan da farawa za su kama ƙirji ko kwiɓi, numfashi ya yi nauyi. A tsayar, a ba da maganin alaji, a dawo a hankali.

Kada kuma kowa ya ɗauka maganin zai hutar da mara lafiya daga tiyata. Fungas ɗin toshe jijiyoyin jini yake yi, naman da ya yi baƙi jini ba ya isa gare shi, balle magani. Sai likitan hanci ya shiga da na'urar hange ya kankare mataccen har ya tarar da mai zubar da jini, wani lokaci ba sau ɗaya ba. Borikonazol, wani maganin fungas, ba ya taɓa wannan fungas ɗin, kada a ɓata kwana a kansa. In an samu sauƙi, a koma kan magungunan fungas na sha, fosakonazol ko isabukonazol.