A Wrinkle in Time: Wane Bugu Ya Kamata A Saya Wa Yaro A Legas?

Da hutun da ya wuce 'yar yayana ta zo mana Agege, shekararta 11. Ta hango wani tsohon littafi a kan kanta, bangonsa har ya fara tashi, ta ce, "Gwaggo, wannan na yara ne ko na manya?" Na ce na duka biyun ne. A Wrinkle in Time ne, na marubuciyar Amurka Madeleine L'Engle. Na fara karanta shi ina makarantar kwana, na sake karantawa bayan na haihu, kuma abin da na gani a karo na biyu ba shi na gani a na farko ba. Na yi mata alkawarin nata. Sai da na fita nema na tarar littafin ya zo a kamanni da yawa, kuma ba kowanne ne ya cancanci kuɗin iyaye ba.

An buga shi a 1962, bayan kamfanonin ɗab'i sama da ashirin sun mayar wa marubuciyar da rubutunta. A 1963 ya ci lambar Newbery, babbar lambar adabin yara a Amurka. Labarin Meg Murry ne, yarinya mai tabarau, gwanar lissafi amma mai saurin fushi, wadda mahaifinta masanin kimiyya ya ɓace fiye da shekara guda yana wani aikin gwamnati. Ita da ƙaninta Charles Wallace mai shekara 5 da wani ɗan makarantarsu, Calvin, suka bi wasu tsofaffin mata uku masu abin al'ajabi zuwa wasu duniyoyi don nemo shi.

Yadda suke tafiyar shi ya fara kama ni. Ɗaya daga cikin matan ta riƙe gefen rigarta da hannu biyu ta miƙar, aka ce wa yaran su ɗauka wani ɗan ƙwaro zai taka daga wannan hannu zuwa wancan: tafiya ce mai nisa. Sai ta haɗa hannuwan, ƙyallen ya naɗe, ƙwaron ya tsallaka da taku ɗaya. Duk ɗan da ya taɓa jin labarin bayin Allah da ake naɗe wa ƙasa ba zai sha wuyar gane wannan ba. Na gwada wa yarinyar da gyalena da ƙwayar gyaɗa, nan take ta ce ta gane.

Abin da ya sa littafin bai tsufa ba yana duniyar Camazotz. Gidaje iri ɗaya, yara sun fito wasa, duk ƙwallayensu suna dukan ƙasa a lokaci guda, igiyoyin tsalle suna juyawa tare, kuma yaron da ƙwallonsa ya kuskure wa sauran ana hukunta shi. Ƙwaƙwalwa guda ce take yi wa kowa tunani. Ina yarinya, tsoro kawai wurin ya ba ni. Da na girma na gane maganar da Meg ta tsaya a kai, cewa a mai da mutane iri ɗaya ba shi ne a yi musu adalci ba. Sannan kyautar da aka ba ta ta shiga wannan yaƙi ita ce aibobinta, taurin kai da rashin haƙurin da ake yi mata faɗa a kansu a makaranta. Yanzu kuma uwarta nake kallo, mace masaniyar kimiyya da take dafa wa 'ya'yanta miya a kan ɗan murhun ɗakin gwaje-gwajenta, tana rubuta wa mijinta wasiƙu ba amsa, 'yan gari suna tsegumi. Ina shekara 12 ko lura da ita ban yi ba.

Saboda haka zaɓina na farko shi ne asalin littafin, rubutu zalla, mai bango marar tauri. Babi 12 ne, shafi ɗari biyu da 'yan kai, yaro mai shekara 10 zuwa 13 da ya saba karatun Turanci zai iya da shi. Akwai wuraren da zai tsaya, domin ɗaya daga cikin matan uku tana magana ne da zantukan hikima cikin Faransanci da Latin da wasu harsuna, amma ana fassara su nan take. Bugun cika shekara 50 da ya fito a 2012 yana da ƙarin bayani kan marubuciyar. Yana da kyau ga babba mai son ajiyewa. Ga yaron da zai cusa littafi a jakar makaranta tare da ledar biskit, mai sauƙin kuɗin ya wadatar, labarin ɗaya ne.

Na biyu shi ne na zane-zane, wanda Hope Larson ta zana a 2012 da launin shuɗi da baƙi da fari kawai. Ya kusa shafi 400, ya ci lambar Eisner ta littattafan zane-zane a 2013, kuma ya bi labarin sau da ƙafa. Ba na raina shi ko kaɗan. Idan ɗanku yana gudun dogon rubutu, ko Turancinsa bai zauna ba tukuna, kamar yaran da aka kawo Legas daga gida ba da daɗewa ba, wannan ne ƙofar shiga. Illarsa biyu. Yawanci ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu, sannan ya riga ya zana wa yaro fuskokin da ya kamata shi ya ƙirƙira a ransa. Akwai wata halitta marar idanu da ta yi jinyar Meg, wadda ba ta san mene ne gani ba, Meg ta yi ta ƙoƙarin bayyana mata haske ta kasa. Wannan wuri a rubuce ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Bugun sauraro, wanda ake karanto littafin da murya, yana da amfani ga wanda yake kwashe awanni a cunkoson hanyar Ikorodu ko ta Abeokuta da yara a mota. Na waya kuwa ba na ba da shawararsa ga yaro, domin wayar da littafin yake ciki ita ce kuma TikTok yake ciki.

Fim ɗin Disney na 2018, wanda Ava DuVernay ta ba da umarni, da Storm Reid da Oprah Winfrey a ciki, a bar shi sai bayan an gama karatu. Yana da kyan kallo, kuma yaranmu suna jin daɗin ganin Meg baƙar fata. Amma an cire tagwayen ƙannen Meg, an cire halittar nan marar idanu, labarin ya zama wani abu daban.

Inda na fi so iyaye su dakata shi ne kwalin nan mai littattafai biyar. Akwai ci gaba guda huɗu: A Wind in the Door na 1973, A Swiftly Tilting Planet na 1978, Many Waters na 1986, da An Acceptable Time na 1989. Mai shago zai ce muku sayen su tare ya fi araha, kuma wataƙila gaskiyarsa ne. Sai dai Many Waters yana kai tagwayen ne zamanin Annabi Nuhu, alaihis salam, ya sa shi da iyalinsa a cikin ƙagaggen labari, da wasu batutuwa na manya. Iyaye Musulmi da yawa ba za su yarda da wannan ba, ni ma ban saya wa yarinyar ba. Ko na farkon ma ku sani cewa L'Engle Kirista ce mai riƙo da addininta. Akwai ayoyin Baibul a ciki, akwai kuma wurin da yaran suka jero waɗanda suka yaƙi duhu a duniya, suka sa Annabi Isa, alaihis salam, tare da Gandhi da Buddha da Einstein. Wannan jerin ya sa har wasu Kiristoci a Amurka suka nemi a cire littafin daga makarantu. Ni ban ɗauke shi dalilin hana karatu ba. Dalili ne na a karanta tare, idan an zo wurin a tsaya a yi wa yaro bayanin abin da muka yi imani da shi. Amma wannan hukuncin na kowane gida ne, kuma gara ku sani tun kafin ku biya.

Wurin saye fa? Manyan shagunan littattafai irin su Roving Heights a Surulere, Laterna a Victoria Island da Glendora a Ikeja, ku kira ku tambaya kafin ku hau danfo, don littattafan waje suna zuwa suna ƙarewa. Masu gwanjon littattafai na Yaba da Ojuelegba wani lokaci sukan fito da tsohon bugu na asali da kuɗi kaɗan, kuma tsoho na gaske ya fi sabon jabu. Na taɓa sayen sabo fil a leda a hannun wani mai kasa littattafai a bakin titi, na kai gida na tarar shafuka kusan goma sun maimaitu, wasu kuma babu su sam, daidai wurin da yaran suka isa Camazotz. Yanzu sai an buɗe mini leda. Ina ɗaga takarda ɗaya a haske in ga ko rubutun baya yana ɓullowa, in duba ko tawadar ta dushe a wasu shafuka, in bi lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, in buɗe tsakiya sosai in ga ko gam ɗin zai riƙe.

A ƙarshe na gwanjo na samo mata, mai bango marar tauri, da sunan wata yarinya da ban sani ba an rubuta da biro a shafin farko. Na aika mata ta hannun direban motar Kano. Bayan kwana biyar ta kira ni da wayar mahaifiyarta, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Gwaggo, don Allah, Charles Wallace zai dawo?" Na ce ta je ta karanta babi na 12, in ta gama ta kira ni.