Cinikin Tsofaffin Motoci a Beljiyam da Abin da Ke Isowa Gida

'Yan uwa da ke yawan tambayata farashin mota a nan Brussels, ya kamata ku fara sanin abin da ke sa Bature rabuwa da motarsa. Galibi injin lafiyarsa ƙalau, ɗawainiyar riƙon motar ce ta fi kuɗinta. Makaniki a nan da awa ake biyansa, saboda haka gyaran giyar da a Kano za a sayo kayansa a Ƙofar Ruwa a gama shi kafin la'asar, a nan yana iya cinye abin da motar kanta za ta yi a kasuwa. Ga gwajin lafiyar mota na dole, sannan tun 2018 birnin ya soma hana tsofaffin motoci masu yawan hayaƙi shiga cikinsa, musamman masu shan dizal.

Irin waɗannan motoci ne ke taruwa a unguwar Heyvaert, inda 'yan kasuwar Labanan da na Afirka ta Yamma ke ciniki a cikin manyan gareji, kafin a loda su zuwa tashar jiragen ruwa ta Antwerp, daga can kuma sai Kwatano ko Lome.

Abin da ya fi burge ni shi ne kariyar da mai saye ke da ita. Tun 2006, duk wanda zai sayar wa mutum mota sai ya haɗa masa da takardar Car-Pass, wadda ke nuna tarihin kilomitar da motar ta ci, kuma idan a hannun dila aka saya akwai garanti na aƙalla shekara 1. Sai dai wannan kariya ba ta hawa jirgi, domin motar da za a fitar tsakanin 'yan kasuwa ake cinikinta, kuma ba wuya a murɗe agogonta na kilomita a hanya. Don haka a gida kada a yarda da lambar agogo kawai. A dubi yadda sitiyari da kujerar direba suka suɗe, a kuma leƙa ƙarƙashi, domin gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana haddasa tsatsar da sabon fenti ke ɓoyewa.

Arahar da ake ji daga nan kuwa, a ganina rabin labari ce. Kuɗin jirgi, na fito da la'adar dillalai suna nan suna jira, kuma tun Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.